FILIN MASU MOTA: Tayar "Kowane Lokaci" Da Lokutanmu Na Garwa

 A wannan wata zancenmu a kan taya ne, kuma abin da ya jawo shi wata tambaya ce da wani dattijo, ɗan kasuwa a nan unguwar Rumde Ajiya, ya tare ni da ita bayan an idar da sallar La'asar.

Shi dai wannan Alhaji, ɗansa da ke zaune a Duwala ne ya aiko masa da wata ƙatuwar mota mai tudu, irin wadda ba ta shan fetur ba ta shan gazuwal, sai dai a jona ta da wuta ta kwana tana caji kamar wayar hannu. Mota ta yi kyau, ba hayaƙi ba ƙara, duk inda ta gilma sai yara sun bi ta da kallo. To amma ba a je ko'ina ba sai tayoyin baya suka suɗe, alhali kuwa tsohuwar motarsa ta fetur takan daɗe ba a canja mata taya ba. Da ya kira ɗan nasa a waya sai ya ce masa, "Baba, ka nemi wadda ake ce wa ta kowane lokaci, ita ake yayi." Da ya je wurin wani mai sayar da taya kuma, sai aka jawo masa wasu na hannu daga cikin tsibi, baƙaƙe wuluk, zanensu da zurfi, aka ce, "Alhaji, waɗannan daga Turai suka zo, dusar ƙanƙara ma ba ta gagare su ba balle ruwan Garwa." Kuɗinsu bai kai rabin na sababbi ba. Shi ne ya ce da ni, "Malam, kai da kake rubutu a kan mota, wacce zan saya?"

Na roƙe shi ya yi haƙuri in ba shi amsa a rubuce, domin kuwa tambayar ta wuce shi kaɗai. Ko da yake har yanzu irin waɗannan motoci 'yan ƙalilan ne a arewacin Kamaru, alamu sun nuna suna tafe. A shekarar 2024 ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai, a nan gida kuma dokar kasafin kuɗi ta 2025 ta yi rangwamen haraji ga masu shigo da sababbin motoci da babura na lantarki. Ta fuskar wuta, ban da madatsar ruwan Lagdo da aka kammala a 1982, an ƙaro tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar a 2023. Daɗin daɗawa, yawancin abin da zan faɗa ya shafi mai Hilux da mai RAV4 da direban Hiace ɗin da ke jigila tsakanin Garwa da Marwa, saboda haka kada wani ya juya shafi ya ce shi ba ruwansa da motar lantarki.

LOKUTANSU DA NAMU

Da farko sai mu tambayi kanmu, wane lokaci ake nufi in an ce taya ta kowane lokaci? Turawa suna da taya iri uku. Akwai ta hunturu, wadda aka yi da roba mai laushi da ƙananan tsage-tsage masu yawa, domin robar taya takan sandare in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta daina kama hanya. Akwai ta bazara, wadda aka yi domin zafi da ruwan sama, tunda su bazararsu ruwa ake yi a cikinta. Sannan akwai ta uku, wadda kamfanin Goodyear ya fara fitarwa a Amurka a 1977, don a hutar da mutane canjin taya sau biyu a shekara. Ita ce ake rubuta wa All Season a jiki, masu Faransanci su ce ta lokuta huɗu. Sulhu ne aka yi tsakanin biyun farko, aka ɗan rage mata ƙarfin jure zafi don ta iya taɓa dusar ƙanƙara.

To mu a nan Garwa, namu lokutan su ne bazara da damina da kaka da hunturu, kuma ko a tsakiyar hunturu, ranar da muke lulluɓa da bargo muna jin ɗumi da asuba, sanyin bai je kusa da digiri 7 ba. Abin da muke fama da shi shi ne zafin Maris da Afrilu mai haura digiri 40, da ruwan Agusta mai kwanciya a kan kwalta, da ramukan da damina ke bari a baya. Wato ke nan tayar da Bature ke kira ta bazara, ita ce ta kowane lokaci a wurinmu, muddin a kan kwalta ake tafiya. Wanda ya sami sabuwar All Season kuma ta cika sharuɗɗan da zan kawo a gaba, babu laifi ya saya. Abin da nake jan kunne a kai shi ne tayar hunturu zalla.

Ga yadda ake gane ta. A gefenta za ka ga hoton dutse mai kawuna uku da furen ƙanƙara a ciki, tare da kalmomi irin su Winter ko Snow ko Ice ko Alpin, wasu ma har da ƙananan ramuka inda aka cire ƙusoshi. In ka danna zanenta da yatsa za ka ji laushi. Wasu tayoyin All Season na Turai su ma suna ɗauke da hoton dutsen, saboda haka a karanta sunan tukuna. Dalilin da ya sa na hunturu suka cika tsibin 'yan gwanjo kuwa shi ne dokokin can. A Ostiriya doka ba ta ɗaukar taya a matsayin ta hunturu in zurfin zanenta ya gaza milimita 4, don haka ake cire su da sauran zane. A Jamus kuma, tun daga watan Oktoba na 2024, tayar da ba ta da hoton dutsen nan ba ta wadatar wa direba a ranar ƙanƙara. Abin da suka yar shi ake lodowa a kwantena. Irin wannan taya in ta hau kwaltar Ngong da tsakar rana a watan Afrilu, sai ta riƙa cinyewa kamar sabulu a ruwa, kuma in an taka birki motar takan ƙara tafiya kafin ta tsaya. Wannan ƙarin tafiyar wani lokaci shi ne tsakanin ka da ɗan makarantar da ya ɓullo daga bayan kamiyo.

NAUYI

Abu na biyu, kuma shi ne ya cinye tayoyin Alhaji, shi ne nauyi. Motar lantarki ta fi 'yar uwarta ta fetur nauyi saboda batir. Misali RAV4 mai fetur nauyinta wajen kilo 1,600 ne, amma ID.4 ta kamfanin Volkswagen, wadda kusan girmansu ɗaya, ta haura kilo 2,000, batirinta kaɗai ya kusa kilo 500. Har ila yau, motar fetur a hankali take tara ƙarfi tana canja giya, ita kuwa ta lantarki da zarar ka taka take sakin ƙarfinta gaba ɗaya, taya ce ke shan wahalar. Kamfanin Michelin da kansa ya ce tayar motar lantarki tana iya riga ta fetur ƙarewa da kusan kashi 20 cikin ɗari. In aka haɗa da direba matashi mai son ya nuna wa abokansa yadda motar ke tashi, to abin sai ya wuce haka.

Maganin wannan yana rubuce a gefen taya, sai dai mu ba mu saba karantawa ba. Ɗauki misalin taya mai rubutu kamar haka: 235/55 R19 105V. Lamba 235 faɗinta ne da milimita. Lamba 55 tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, kusan santimita 13 ke nan. Lamba 19 girman wili ne da inci. Waɗannan uku kowane mai taya ya san su, su ake tambaya a kasuwa. Amma 105 ɗin nan da ba mai kula ta, ita ce lambar kaya, ma'anarta taya ɗaya tana ɗaukar kilo 925. Akwai wata tayar mai girma iri ɗaya sak, amma lambarta 101, ita kilo 825 take ɗauka. In ka sa huɗu daga cikinta a motar da aka yi wa 105, ka rage mata kilo 400, kamar buhu huɗu na masara ke nan, alhali da ido ba za ka ga bambanci ba. Harafin ƙarshe kuwa na gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Kada wani ya ce ai shi ba ya wannan gudu, domin tayar da aka yi wa babban harafi ta fi jure zafi, mu kuwa zafi ne abokin gabarmu.

Tayoyi masu ɗaukar ƙarin kaya ana rubuta musu XL, kuma tun wajen 2021 aka fito da wasu masu HL da suka fi su, musamman saboda motocin lantarki masu nauyi. Ba sai ka yi ta zato ba. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda manne da ke ɗauke da girman taya da yawan iskar da masu motar suka tsara, littafin motar kuma yana da lambar kaya. Ana iya hawa sama da lambar, ba a sauka ƙasa da ita. A lura kuma, wasu motocin, har da ID.4 da yawa, tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, saboda haka ba a sayen huɗu iri ɗaya, ba a kuma musanya na gaba da na baya.

ZAFI DA SHEKARU

Na uku shi ne zafi da tsufa, don tare suke aiki. Ranar da iska ta kai digiri 40, kwalta takan haura 60. Taya kuma tana tafiya tana lanƙwashewa tana miƙewa, tana haifar da nata zafin daga ciki. Tayoyi da yawa suna da kalmar TEMPERATURE a gefe da harafin A ko B ko C a gabanta. A ita ta fi jure zafi, ita ya kamata mu nema, B a lallaɓa, C kuwa a bar wa masu ita.

Shekarun taya ma a rubuce suke. Nemi inda aka sa DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1524, an yi ta a mako na 15 na shekarar 2024. In ka ga 3816, tun watan Satumba na 2016 take duniya, kome baƙin da aka shafa mata. In kuwa lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, sai dai a ɗaure ta a bakin rijiya. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara in ta cika 5, a cire ta in ta kai 10 ko da sauran zane.  A ranar Garwa, wadda ke tsattsaga roba ko mota na ajiye, mai hankali ba zai jira goma ba.

Akwai wata al'ada da na sha gani a tasha, wato direba ya rage wa taya iska da bazara, wai don kada zafi ya fasa ta. Wallahi wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwashewa, ta fi ɗaukar zafi, ita ce kuma ke fashewa. Gaskiya ne iska takan hau in taya ta yi zafi, amma masu ƙera ta sun san da haka, sun bar mata wuri. A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, a sa abin da takardar ƙofa ta ce, kada a sace ta a hanya. Motocin lantarki da yawa suna son tsakanin 2.5 da 2.9 a ma'aunin bar, wanda masu faci ke ce wa kilo, kuma tayar XL ba ta ɗaukar cikakken kayanta sai da cikakkiyar iska. Duka da ƙafa ko ƙwanƙwasa da ƙarfe ba awo ba ne, a sayi geji a ajiye a mota.

DAMINA DA RAMUKA

Aikin zanen taya shi ne kore ruwa daga ƙarƙashinta. In zane ya ƙare, mota takan hau kan ruwan ta yi ta sulɓi, sitiyari ya zama ba shi da amfani a hannunka. Sabuwar taya zurfin zanenta milimita 7 zuwa 8 ne, iyakar da dokar Turai ta yarda kuma 1.6, kuma a cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da ke nuna an kai wannan iyaka. Shawarata ita ce kada mota mai nauyin tan 2 ta shiga damina da ƙasa da milimita 3. Tsoma kan tsinken ashana a cikin zanen, in kan bai nutse ba to lokaci ya yi. Sababbin tayoyin da aka yi wa kasuwar Turai suna zuwa da takarda manne mai nuna darajar kamun jiƙaƙƙiyar hanya daga A zuwa E, a nemi A ko B. A yi hattara kuma da tayar da aka ƙara wa zane da wuƙa mai zafi. Wannan aiki na wasu tayoyin manyan motoci ne da aka yi su don haka, a ƙaramar mota kuwa wayar ciki ake kusanta.

Game da ramuka, gefen taya shi ne katifar da ke tsakanin wili da bakin rami. Motocin lantarki da yawa suna zuwa da wili mai inci 20 ko 21 da siririyar taya don ado, gefenta wajen santimita 10 ne. Rami ɗaya a hanyar Figil ya isa ya fito mata da ƙulu ko ya lanƙwasa wilin. In littafin motar ya yarda da inci 18 ko 19, a koma can. Taya mai ƙulu a gefe ba ta gyaruwa, wayoyinta ne suka tsinke.

Wanda yawan tafiyarsa a burji ne, cikin ƙauyukan auduga da laka da tsallaken mayo, yana iya sa mai manyan haƙora, amma ya sani zai biya da batir. Taya tana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na man motar fetur, a ta lantarki kuwa rabonta ya fi haka. Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne, ga hawan dutsen da ke gaban Mbe, inda ake tashi daga kwarin Binuwai a hau tudun Adamawa mai tsayin fiye da mita 1,000. Wanda ya ƙare da fetur a hanya zai sami mai jarka. Wanda ya ƙare da caji sai dai a ɗauko motar a kan wata.

WURIN MAI FACI

Masu facinmu ƙwararru ne, sai dai wannan mota baƙuwa ce a wurinsu, saboda haka Alhaji ya tsaya a kai da kansa ko ya sa yaro mai lura. Batir yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar, in aka sa jak a inda bai dace ba aka lotsa shi, gyaransa zai sayi tayoyin shekara da shekaru. Akwai wuraren da aka yi wa alama don jak. A bakin bawul kuma akwai ɗan na'ura mai gaya wa direba yawan iska, ƙarfen ɓamɓare taya yana karya shi in ba a kula ba. Wasu tayoyin suna da soso manne a ciki don rage ƙara, mai faci ya yanke daidai wurin hujin kawai ya liƙa daga ciki. Sannan yawancin motocin nan ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da kwalbar gam, waɗanda ba sa maganin tayar da dutse ya yaga. Kada a kama hanyar Marwa ko ta Yola sai an tanadi safaya da jak mai iya ɗaga nauyin. In biyu kawai za a canja, sababbin su tafi baya, domin in baya ya zame a kan ruwa ba direban da ke iya riƙe shi. A sa a daidaita ƙafafun motar ranar da aka sa sababbi, in ba haka ba gefe ɗaya zai cinye kafin ɗaya.

LISSAFI

Na san abin da mai karatu zai ce, wato Malam, duk mun ji, amma aljihu fa? Gaskiya ne, sabuwar taya da tsada. Ƙasarmu tana noman roba a kudu, amma yawancin tayoyin da muke hawa daga ƙetare suke, ko a Nijeriya ma masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop a Legas ta bi bayanta a 2008. To amma mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, sabuwa sefa 90,000 ce, ta hannu 30,000. Sabuwa tana da milimita 8, za ka ci 5 kafin ta sauko 3, kowace milimita ta tsaya maka 18,000. Ta hannu tana da 4, milimita 1 kawai za ka ci, ta tsaya maka 30,000. Ashe mai arahar ita ce mai tsadar, ba a ma sa kuɗin asibiti a ciki ba, Allah ya kiyaye. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Wanda bai da halin manyan sunaye, sabuwar taya ta matsakaicin kamfani mai cikakkiyar lambar kaya da sabon kwanan wata ta fi tsohuwar babban kamfani.

Saboda haka Alhaji, ga amsarka. Ka bar waɗancan baƙaƙen a tsibinsu. Ka kwafi abin da ke jikin ƙofar motarka a takarda, ka tafi da tabaranka, ka durƙusa ka karanta gefen tayar da kanka: girma, lambar kaya, harafin zafi, kwanan wata. In babu irinta a Garwa, ɗanka ya sayo a Duwala ya ɗoro a mota, jiran mako guda ba ya kashe kowa. Ka kuma gaya wa direbanka ya sassauta ƙafa in zai tashi. Duk girman motar nan, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannunka ba, kuma a kansa kake ɗora Hajiya da jikoki in za ku gaisuwa Ngaundare.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko da wasiƙarsa ta hannun edita kamar yadda aka saba. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake kula da batir a lokacin zafi. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.